Cikin da Ya Hana Ni Zama

Ni tela ne, a layin teloli na kasuwar Bodinga nake da shago, kuma sana'armu ta zama ce. Mutum zai hau kujera tun da hantsi, ƙafa tana taka keke, ido yana kan allura, ba ya tashi sai salla ko awon mai kaya. Haka na yi shekaru ban san ina da ciki ba sai in yunwa ta tuna mini. A shekarar da matata ta yi haihuwar fari ne ya fara damuna.

Da farko kumburi ne kawai. In na karya kumallo na fito, kafin rana ta ɗaga sosai sai in ji mazugin wando ya matse ni, in sassauta, in ƙara sassautawa. Sai ƙugi ya biyo baya, irin wanda ko ƙarar keke ba ta rufe shi. Daga nan sai iska. Ba sai na tsawaita bayani ba, wanda ya sani ya sani. Abu ne da ke taruwa a ƙasan cibiya, ya yi ta yawo daga hagu zuwa dama yana neman hanya. In ka riƙe shi ya hau ƙirji ya tokare ka, in ka ce za ka sake shi kuma shagon ɗaki ɗaya ne, ga mutane zaune a benci suna jiran kayansu.

Sai na koyi tashi. In yi kamar zan duba wani abu a waje, in zagaya bayan shago, in dawo. In haɗa hannun riga ɗaya, in sake tashi. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne awo, don dole ka durƙusa ka kai tef har idon sawu, durƙuson nan kuwa shi ciki ke jira. Na kai ga ina auna mutane daga tsaye, ina kintatar sauran da ido, har wandon wani dattijo ya fito a ɗangale. Ya dawo da shi yana tambayata ko na ɗauka aikin fadama zai tafi da shi.

Da a shago abin ya tsaya, da na daure. Akwai ɗan masallaci mai rufin kwano a ƙarshen layinmu, inda teloli da masu sayar da yadi ke sallar azahar da la'asar. Da yake na yi karatu a Shagari wajen kawuna kafin in koyi ɗinki, ni ake turawa gaba. Ba wanda ya naɗa ni, sabo ne kawai. Ina son wannan tsayuwar, ba zan ɓoye ba, don ita ce ta sa har waɗanda suka girme ni suke ce mini Malam.

Wata la'asar, muna raka'a ta biyu, na sunkuya ruku'u, abin ya kuɓuce mini. Ba wanda ya ji, amma ni na sani, alwala kuwa ta tafi. Na miƙa hannu na jawo wanda ke bayana ya shige gaba, na toshe hanci kamar mai haɓo, yadda aka koya mana, na ratsa sahu na fita. Bayan an sallame aka yi ta yi mini sannu. Wani ya ce zafin bazara ne, in riƙa jiƙa hula. Na yi godiya. Kafin mako ya zagayo abin ya sake faruwa, sannan ya ƙara. Mutumin da ke ta haɓo ba a taɓa ganin ɗigon jini a rigarsa ba, ai ba a daɗe ana gaskata shi.

Daga nan na fara zulle wa salla cikin jama'a. Da na ga rana ta kusa, sai in ƙirƙiri abin da zai fitar da ni: zare ya ƙare, allura ta karye, akwai kayan da zan kai wata unguwa. In hau babur in nufi gida. A gidan ma ba natsuwa nake samu ba. In yi alwala, in tayar da kabbara, in ji wani motsi, in tsaya ina tambayar kaina, ya fita ko bai fita ba? In sallame, in koma ga buta. Akwai ranar da matata ta cika mini butar har ta gaji ta ajiye bokiti kusa da ni. Sallar da na saba yi hankalina kwance ta koma kamar tsallaka titi da gudu.

Maƙwabcin shagona wani Alhaji ne mai aikin surfani, ya haife ni a shekaru. Wata rana ya shigo ya zauna a bencina, ya jira mutane suka watse.

"Malam, mi anka yi maka? Kwana biyu ba mu ganinka ga sahu."

"Ba komi, Alhaji. Hidima ce ta yi yawa."

"Hidimar da ba ta tashi sai an kira salla? Mutane suna magana. Wasu na cewa ka canza aƙida, ba ka son salla da mu. In laihi munka yi, ka hwaɗi."

Na rantse masa ba haka ba ne. Ya jira in ƙara wani abu, ban ƙara ba. A lokacin ma cikina yana murɗawa, burina kawai ya tashi ya tafi. Ya tashi, amma daga ranar gaisuwarmu ta rage tsawo.

Matata ba ta buƙaci bayani ba, ɗaki ɗaya muke kwana. Ita ta fara yanke hukunci.

"Malam, wake na. Ba komi ba na sai wake."

Aka kori wake daga gidan, shi da duk danginsa. Ƙosai, alale, ɗan wake, garau-garau da nake ci a kasuwa da mai da yaji, duk na yi musu sallama. Na ɗan ji sauƙi, ko kuma na sa wa raina na ji, sannan abin ya dawo. Ta jiƙa mini kanwa, na sha, na yi ta gyatsa, na ce an dace. Kwana kaɗan ya dawo. Aka koma citta da kanumfari a ruwan zafi. Aka ce tafarnuwa a haɗiye ta da safe, na haɗiya, sai warinta ya ƙaru a kan abin da nake fama da shi. Aka ce hulba, aka ce na'a-na'a, aka ce tsamiya. Duk wanda matata ta yi wa zancen a kaikaice, tana cewa wani ɗan'uwanta ne ke fama, sai ya ba ta nasa, ni kuma in sha. Ban taɓa riƙe magani ɗaya har in ga ƙarshensa ba. Yau in fara wannan, jibi in ji labarin wani in koma can, wani lokaci in haɗa uku a kofi ɗaya.

Ranar wata kasuwa na tsaya nesa da mai maganin gargajiya da ke shela da lasifika daga bayan mota. Ya lissafa cututtuka kamar yana kallon cikina: kumburi, ƙugi, yawan sakin iska. Na jira mutane suka ragu, na karɓi gora ɗaya na cusa a aljihu. Abin da ya biyo baya gudawa ce, ta kwantar da ni har shago ya kwana biyu a rufe. Da na tashi, na rame, ga iskar tana nan inda na bar ta.

Abu ɗaya ne ba mu taɓa ba. Matata 'yar Lambara ce, ta ƙasar Shagari, mahaifiyarta kuma tana da shanu. Tun da aka yi haihuwar, surukata ta ɗauki al'adar aiko da ɗanyar madara a jarka ta hannun wani direba ɗan garinsu, wai don mai jego. Jego ya ƙare, madara ba ta daina zuwa ba. Matata takan tafasa ta, ta zuba mini a kunu ko a shayi, ta cika kofi har baki, tana kallona ina sha, tana jin daɗi. Ni da na tashi ban san madara ba sai nono mai tsami a fura, na ɗauke ta a matsayin gata. Da na fara ramewa ma sai aka ƙara mini yawanta don in murmure.

Ana cikin haka aka yi suna a gidan surukaina, matar yayan matata ce ta haihu. Ba halin in ƙi zuwa. Matata ta riga ni tafiya da jaririyarmu, ni na bi su da safiyar sunan. Ko motar da na shiga jarrabawa ce. An cusa mu kamar buhunan albasa, cinyata a kan ta wani, gwiwar wani a bayana, kowane rami muka faɗa sai in damƙe kujerar gaba in riƙe numfashi. Na sauka a Lambara jiƙe da gumi.

Bayan an raɗa suna aka kai ni zauren gidan tare da yayyen matata da wasu dattawa. Na durƙusa daga bakin ƙofar cikin gida na gai da surukata, ta amsa daga bayan labule, kamar yadda muka saba, don ba ta taɓa zama gaba da gaba da ni ba, ba ta kuma taɓa kiran sunana ba. Sai aka fara shigo da abinci: waina, naman rago, lemun kwalba. Can sai ga wata ƙwarya sabuwa an rufe da faifai, aka ajiye a gabana ni kaɗai.

Babban yayan matata ya ce, "Inna ta ce wagga taka ta. Da hannunta tat tatso ta da asuba. Ta ji an ce ka rame."

Madara ce da ɗuminta, an dama fura a ciki. Idanun zauren duk suna kaina. Na sha. Da na ajiye ludayi aka ce ai ban yi komai ba, na ƙara. Aka buɗe mini lemu, na kora.

Ba a jima ba ciki ya fara. Ina zaune a tsakiyar tabarma, dattijo a dama, dattijo a hagu, ana hirar damina da tsadar taki, ni kuwa ba abin da nake ji sai abin da ke birgima a ƙarƙashin rigata. Na gyara zama. Na tanƙwashe ƙafa, na miƙe ta, na sake tanƙwashewa. Ƙugi ya tashi har wanda ke kusa da ni ya waiwayo, na yi tari don in rufe. Duk duniya ba inda mutum ke tsoron wannan abu kamar gidan surukai. In ya faru a nan, jikokina ma sai sun ji labari.

Na nemi buta na fita. Na bi bayan gari har cikin gonaki, na tsaya bayan wata bishiya, na samu sauƙi, na dawo. Ban gama zama ba ya sake taruwa. Na sake fita. A fita ta uku na ga ana kallon juna. Da na kai gonar ban iya juyowa ba. Na ajiye butar a gindin katangar wani gida, na bi hanya har bakin titi, na tare mai babur na ce ya kai ni Shagari. Ban yi sallama da kowa ba, ban ko leƙa matata ba.

Kawuna, wanda na yi karatu a wajensa, yana zaune a zaurensa bayan ɗalibai sun tashi. Ya tsufa, idonsa ya yi rauni, amma ya gane muryata.

"Mi yak kawo ka da tsakar rana haka? Zamna."

"Allah shi gafarta Malam, in da hali in tsaya daga nan."

"To, tsaya. Lahiya dai?"

A tsaye, ina jingine da ƙofa, na gaya masa komai, tun daga haɓon ƙarya har butar da na baro a Lambara. Shi ne mutum na farko da na buɗe wa baki. Na ɗauka zai yi dariya ko ya yi faɗa. Sai kawai ya shafa gemu.

"Wanga abu lalura ta, ba zunubi ba," in ji shi. "Kuma abu biyu kah haɗa. Akwai iskar da ka hita da gaske, akwai wadda zuciyarka ka raya maka. In shakka ta zame ma mutum jiki, kullum tana zo mishi, ba ya bin ta. Ka yi alwala guda, ka yi sallarka, kada ka sallame sai ka tabbata. In kuma abin ya kai shina zuwa mafi yawan lokaci ba da ikonka ba, shari'a ta yi maka sauƙi. Limanci dai ka bar ma wani har ka samu lahiya, amma jam'i ba ka da dalilin barin shi."

Na ce, "To, ko akwai wani rubutu da za a yi mani?"

"Addu'a za mu yi. Amma ciki na, ka kai shi asibiti a duba. Kuma kahin asibiti, ka san ka bar ɓaraka Lambara."

Na sani. Matata ta dawo washegari, ta shimfiɗa yarinya. Sannan ta zauna a bakin gado ta ce an yi ta nemana har bakin rijiya, an ɗauka wani abu ya same ni. Da aka ji an gan ni a kan babur, sai magana ta juya. Wasu suka ce raini ne irin na 'yan birni, kamar Bodinga wani birni ne. Inna kuwa ta ɗauki ƙwaryar ta shige ɗaki.

"Mi zan ce musu, Malam? In ce mijina ya gudu don tusa?"

Ba ta taɓa kiran abin da sunansa a gabana ba sai ranar. Na kira babban yayanta a waya na ce ciwon ciki ne ya taso mini, na ba da haƙuri. Ya ce ba komai, da irin muryar da ke nuna akwai komai.

A asibitin garinmu wata likita na samu, mace, wadda ba za ta girme ni ba. Na so in juya, amma layi ya riga ya kawo kaina. Ta yi tambayoyinta ba tare da ta ɗago ido sosai ba, abin da ya taimake ni. Ko ina ganin jini a bayan gida? Ko ina amai? Ramar nan, kafin gudawar ta fara ko bayanta? Ta danna cikin ta ko'ina, ta tura ni gwaji. Da sakamako ya fito ta ce ba a ga wani abin tsoro ba. Sai ta sa na lissafa mata abin da nake ci tun daga safe har dare, da yadda nake cin sa.

Na gaya mata a kan keke nake cin abincin rana, loma ɗaya ɗinki ɗaya, ina magana da masu kaya, in kora da lemu mai sanyi.

Ta ce, "To ai iska kake haɗiya tare da abincin. Ka sauka daga keken, ka zauna, ka tauna sosai. Kada ka cika ciki lokaci ɗaya. In ka gama ka ɗan taka, kada ka koma ka naɗe a kujera. Lemun kwalba ka bar shi. Kanwa ma ka daina sha, yawanta illa ne. Sauran abincin kuma ba duka za ka bari lokaci guda ba, in ka yi haka ba za ka gane mai laifin ba. Ka cire abu ɗaya, ka ba shi kamar mako biyu, ka ga yadda za ka ji. In ba canji, ka mai da shi ka cire wani. Ni da madarar nan zan fara, akwai manya da yawa da cikinsu ba ya narkar da ita."

Na ce to. Amma ban fara da madara ba. Na fara da ɗanyar albasa, wadda nake yankawa a kan kowane abinci. Na koma kabeji. Na koma dankali. Haƙurin mako biyun nan ya fi shan kanwa wuya a wajena, don ni mutum ne mai son in ga aiki ya fito a yini. Kullum ina sauraron cikina kamar mai jiran baƙo. In ya yi shiru da safe in ce na warke, in ya motsa da azahar in ce duk ƙarya ne. Barin lemu da cin abinci a natse sun rage abin, ba shakka. Nakan rufe shago in taka har tasha in dawo, masu babur suna tsayawa suna tambayata ko nawa ya lalace. Amma kumburin hantsi yana nan.

Da abubuwan cirewa suka ƙare, na ce wa matata gobe ta dama mini kunu ba madara.

Ta ce, "Madarar Inna?"

"Gwaji na kawai. Likita tac ce."

Ta dama, ta ajiye mini. Kwana na farko ban yarda da abin da na ji ba. Na zauna a keke ina jiran mazugi ya matse, bai matse ba. Na haɗa riga sukutum ban tashi ba. Da mako biyun suka cika, don in tabbatar, na sha madarar kofi guda da safe, kafin azahar na zagaya bayan shago har na daina ƙirgawa. Ba sauran musu. Matata ta gani da idonta, amma ta yi kwanaki tana cewa wataƙila jarkar ce ba a wanke da kyau ba.

Wake ya dawo gidan a hankali. Takan jiƙa shi tun dare, ta zubar da ruwan, ta dafa shi har ya yi luguf, in ci kaɗan. Nono mai tsami da kindirmon da ya kwana, in ban wuce 'yan ludaya ba, ba su cika tayar mini da hankali ba. Citta da na'a-na'a na riƙe su bayan abinci don ina jin daɗinsu. Ba zan ce na rabu da abin gaba ɗaya ba, har yau akwai ranakun da yake tuna mini, musamman lokacin ɗinkin salla da nake komawa cin abinci a gurguje.

Masallaci na koma tun bayan maganar kawu, ina tsayawa a sahun baya ta bakin ƙofa. Na samu Alhaji a shagonsa na gaya masa gaskiya a taƙaice. Ya cire tabarau ya dube ni, ya ce, "Don wanga kab bari muka ta zarginka?" Ya yi 'yar dariya, ya ce Allah shi ƙara sauƙi. Lokacin har an saba da wani mai sayar da yadi yana jan salla, karatunsa kuma ba laifi. Ba wanda ya ce in dawo gaba, ni ma ban nema ba. Abin yakan ɗan sosa mini rai wani lokaci.

Saura Inna. Jarka ta ci gaba da zuwa, matata na sha, tana raba wa maƙwabta. Amma magana ba ta ɓuya, direban ya kai labari cewa mijin ba ya sha. Sai matata ta shirya ta tafi da kanta ta yi bayani. Da ta dawo na tambaye ta yadda suka yi.

"Ta ce madarar shanunta ba ta taɓa cuta ma kowa ba. Ta ce ita da ita anka yaye ta, da ita ta yaye mu. In ba ka so, ka ce ba ka so."

Daga makon jarka ta daina zuwa, har ta matata. Wata da watanni ba aike, in an yi waya gaisuwa ce kawai. Abin ya dami matata, ni ma ya hana ni sakat. Ciki ya lafa, ga wani abu ya maye gurbinsa. Na ɗinka wa Inna atamfa na aika, aka ce an gode. Na roƙi kawu ya sa baki, ya ce irin wannan ba a aike, ƙafa ake kaiwa.

Da damina ta sauka muka tafi tare, ni da matata da yarinya, wadda ta fara tafiya. Na durƙusa a bakin ƙofa na yi gaisuwa, na ƙara da ban haƙuri a kan tafiyar da na yi ranar suna, na ce wallahi ba raini ba ne, lalura ce. Sai na ji Inna daga bayan labule tana magana da 'yarta, da ƙarfin da zan ji.

"Ki ce mishi ya wuce. Allah na ka yin ciki, wani na ƙarhe, wani na auduga. Shi zamna, kada shi sake bin gonakin mutane."

Na zauna a zaure, aka kawo tuwon gero da miyar kuka, na ci a natse, muka yi azahar da la'asar tare da yayyen matata. Rabona da in yi zama mai tsawo haka a gidan mutane har na manta. Da muka tashi tafiya sai matata ta fito da kwano a rufe, fuskarta wani iri. Ta ce Inna ta ce tunda ba na shan madara, ga abin da zai mai da mini jiki, kuma in fara ci a nan don ta tabbata wannan ya karɓe ni.

Na buɗe. Dafaffen ƙwan zabi ne, cike da kwano. Matata ta san abin da dafaffen ƙwai ke yi wa mai lafiyayyen ciki ma, balle ni. Ta dube ni, na dube ta, labule kuma yana motsi. Na zauna na fasa, na ci iya abin da kunya ta sa ni, na yi godiya da murya mai ƙarfi.

A bakin titi, da mota ta tsaya, na roƙi wani saurayi ya koma tsakiya ya bar mini gefen taga.